Kawu ya gyara gidan kakanmu, ko sannu babu wanda ya ce masa

Asabar ɗin nan da ta wuce na leƙa Tudun Wada gaida Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, na tarar da shi zaune kan dakali yana ta kallon gidan kamar wanda aka kawo wa amarya. Wata bakwai ke nan yana fama da gyara. Gidan kakanmu ne, tun yana aikin reluwe ya gina shi, ginin jar ƙasa da rufin kwano, zaure a gaba, ga wasu tagogin katako masu marfi biyu waɗanda yanzu ko ka zaga Kaduna kaf da wuya ka samu kafintan da zai yi maka irinsu.

Na ce Kawu sannu da ƙoƙari, gida fa ya fito. Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai ne na biyu da ya faɗa min haka. Na farkon magini ne, shi kuma cikon kuɗinsa yake jira."

Na yi dariya nima amma wallahi maganar ta tsaya min a rai har na koma gida. Don na san abin da mutumin nan ya sha. Da aka zo rabon gado kowa cewa yake a sayar a raba kuɗi kowa ya kama gabansa, dillalai kuwa kullum suna ƙofar gida, Alhaji ka rushe ka zuba shaguna goma haya kawai za ka dinga karɓa kana kwance, shi kuma ya ƙi, ya sayar da filinsa na Rigasa ya biya 'yan uwa kasonsu, aka dinga ce masa tsufa ne ya fara taɓa shi.

Aikin ma ba ƙarami ba ne. Shekarun baya wani ya ba da shawara aka shafe bangon da siminti wai don ya yi ƙarko, ashe cuta ce, siminti ba ya kama jar ƙasa yadda ya kamata, ruwa sai ya samu tsaga ya shige ya kasa fita, bango na ruɓewa daga ciki kai kana ganinsa sumul daga waje. Maginin da Kawu ya ɗauko daga Zariya, wani dattijo mara yawan magana, ƙwanƙwasa bangon kawai ya yi da bayan cokalin gini ya ji yana ƙara kamar ganga, ya ce a ɓamɓare duka. Suka kwaɓa ƙasa da ciyawa suka bar ta ta kwana biyu ta tsumu sannan aka yi sabon yaɓe, aka cire katakon da gara ta cinye, wanda ke da sauran rai aka bar shi, aka gyara magudanar ruwa don kada damina ta dinga cin gindin bango. Tagogin nan kankare su aka yi ɗaya bayan ɗaya. Ka shiga ɗakin tsakiya da rana tsaka a watan Afrilu, ba wuta ba fanka, ka ji sanyi kamar kusa da randa.

To ni abin da ke damuna shi ne, da filaza ya gina mai hawa biyu da gilashi mai duhu, da tuni an yi walima, an yanka rago, an watsa hotuna a Facebook ana Allah ya sanya alheri. Amma wanda ya tsare tsohon abu sai a dinga masa kallon wanda ya rasa kuɗin sabo.

Kuma mu 'yan Kaduna ya kamata abin ya fi damunmu. Kano da Zariya da Katsina suna da ganuwa da ƙofofi na ɗaruruwan shekaru, mu kuwa garin gwamna ne, sai a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Ke nan ginin da ya shekara sittin ko saba'in a garin nan shi ne ganuwarmu, ba mu da wata. Waɗanda suka tsira kuwa ka duba da kyau, duk akwai hukuma a bayansu. Gidan Sardauna da ke titin Rabah, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, ya zama Arewa House ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Lugard Hall majalisar dokokin jiha ce ke zama a ciki. Gidan tarihi na titin Ali Akilu tsohon ofishin jam'iyyar NPC ne, a 1975 aka mai da shi gidan tarihi. Har 'yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugard da ke wurin shaƙatawa na Gamji, wadda aka ɗauko daga Zungeru, tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Madalla. Amma gidan ma'aikacin reluwe fa, da shagon tela, da kantin da aka fara sayar da atamfar masaƙun unguwar Kakuri a ciki, su wa ke tsaya musu?

Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC na 1977, muna ji muna gani aka rushe shi a farkon 2020. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, da aka buɗe a 1957 ta yi shiru tun 2002. A Ahmadu Bello Way kuma yaran yanzu suna cewa a sauke su a Leventis amma da yawansu ba su san sunan kanti ba ne.

Kada wani ya ce ina nufin a bar kango ya faɗo wa mutane. Duk mun ga abin da ya faru a babban masallacin Juma'a na Zariya a watan Agustan 2023, ginin shahararren maginin nan Babban Gwani tun wajen 1830, wani sashe ya rufta ana sallar la'asar aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Tsohon gini kulawa yake so duk shekara kafin damina, kuma mai yin kulawar nan da aljihunsa shi nake cewa a karrama.

Abin ma ba ya buƙatar wani kasafi. Sau ɗaya a shekara ƙaramar hukuma ko masu unguwanni ko ƙungiyar masu zanen gine-gine su zaga su zaɓi gida biyu, shago biyu, waɗanda aka gyara ba tare da an ɓata musu kama ba, ban da waɗanda aka lulluɓe da tayil har ba ka gane su, a kafa ɗan allon ƙarfe a jikin bango da shekarar gini da sunan wanda ya gina da wanda ya gyara. In gwamnati ta ga dama ta rage musu harajin ƙasa, to wannan kam zai sa magada su yi tunani sau biyu kafin su kira dillali. Kuma dan Allah a sa sunan magini. A Nijar masallacin ƙasa na garin Yama ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, maginin ƙauye ne Falke Barmu ya yi shi, duniya ta san sunansa. Namu nan sai dai a sallame su da kuɗin mota.

Da na gaya wa Kawu wannan tunanin nawa sai ya ce shi ba ya jiran kowa, in nemo masa mai rubutun allo a kasuwa kawai, zai biya da kansa. Na ce me za a rubuta? Ya ce sunan Baba a sama, na maginin Zariya a ƙasa. Na ce naka fa Kawu? Ya ce in akwai sauran fili. Ana haka aka kira magariba, ya miƙe ya ja tagogin nan ya rufe ɗaya bayan ɗaya, ya ce in ɗauko buta mu tafi.