Sirdin keke: laushi daban, daɗin zama daban

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu zuwa shagona a nan Kano suka canza. Da can 'yan makaranta ne da masu ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Yanzu kuwa har da malamai da ma'aikatan ofis da dattawan da suka jingine babur suka sayi keken gwanjo, irin mai giya da miƙaƙƙen kai da ake shigowa da shi daga Turai da Japan. Kekuna ne masu kyau, ba nauyi, ga gudu. Amma ba a daɗewa sai mutum ya dawo yana yatsine fuska: "Malam, sirdin nan zai kashe ni. Ba ni mafi laushin da kake da shi."

Ba na saurin ba shi, domin na san abin da zai biyo baya. Allah ya yi wa mutum ƙasusuwa biyu a ƙarƙashin mazaunai, su ne ke ɗaukar nauyinsa idan ya zauna. Aikin sirdi shi ne ya tallabi waɗannan biyun ya bar sauran jiki ya huta. Idan soso ya yi yawa, ƙasusuwan sai su nutse, soson ya taso ta tsakiya ya danne matsematsi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Minti goma na farko daɗi, bayan rabin awa sai zafi da sagewa, cinya kuma tana gogar gefe har ta saɓule. Duk wanda ya taɓa kwana a kan katifar da ta lotsa ya tashi da ciwon baya ya san abin da nake nufi.

Don haka awo nake fara yi. Ina da benci a shago da guntayen kwali mai kauri. Mutum zai zauna a kan kwalin, ya ɗan sunkuya kamar ya riƙe kan keke, ya ɗaga ƙafafu kaɗan don nauyinsa ya sauka. Idan ya tashi za ka ga lotsawa biyu. Sai in sa alli in zagaye su, in auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Yawanci tazarar tana faɗawa tsakanin santimita 10 da 14, ta mata kuma ta fi faɗi galibi. Idan don ɗiya ko matar gida ake nema, kwalin nake bayarwa a je a yi a gida a kawo mini. A kan abin da ya fito nake ƙara kamar santimita 2 in samu faɗin sirdin, in kuma mutum a miƙe yake tuƙi in ƙara fiye da haka. Ƙiba ba ta da ruwa da wannan awo. Na sha ganin ƙaton mutum mai ƙaramar tazara, da siriri wanda sai faffaɗan sirdi ke yi masa.

Yanayin zama ma yana da nasa. Tsohon Raleigh da Phoenix a miƙe ake zama a kansu, nauyi duka yana baya, shi ya sa faffaɗan sirdi mai sifirin ya dace da su, yana kuma shanye ramukan hanya. Keken tsere sunkuyawa ake yi sosai, sai siriri. Wannan keken zuwa aiki kuwa yana tsakani, sirdinsa ma tsaka-tsaki yake so: baya mai ɗan faɗi, hanci siriri, soso mai tauri wanda idan ka danna da babban yatsa zai dawo nan take. Wanda ke kukan sagewa ina nemo masa mai rami ko kwari a tsakiya. In an gyara komai sagewar ba ta daina ba, ina ce masa ya ga likita, ba na wasa da wannan.

Hannuna ya buɗe ne a wurin marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa. A zamaninsa keken ƙasaita Raleigh ne mai sirdin fata na Brooks. Kamfanin nan na Birmingham ne a Ingila, John Boultbee Brooks ya kafa shi a 1866, da kayan dawaki ya fara kafin ya shiga sirdin keke, Raleigh kuma ta saye shi a 1962. Sirdin ba shi da soso ko kaɗan, fata ce mai kauri aka ɗame a kan ƙarfe. Sabo yana da tauri, amma da tafiya ta yi tafiya sai fatar ta ɗauki siffar mai shi. Maigida yakan kifa keke ya nuna mini notin da ke ƙarƙashin hanci, wanda ke ɗame fatar, ya ce, "Kai yaro, rubu'in juyi kawai. Ka wuce haka ka kashe fatar." Idan ya ga wani ya shafa wa sirdi baƙin mai don ya yi laushi, ransa ɓaci yake yi har yamma. Shi ya koya mini in shafa tafin hannu a kan tsohon sirdi in gane ko mai shi yana karkata gefe ɗaya. Har gobe idan sirdin Brooks samfurin B17 ya faɗo mini a cikin gwanjo, mai faɗin santimita 17 da rabi, ajiye shi nake yi sai wanda zai kula da shi ya zo, wanda zai rufe shi da leda da damina ya kuma daina barinsa a rana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Sun cika kasuwa, an buga musu sunaye masu kyau, ga sheƙi. Ka farke ɗaya ka gani: soson katifa ne aka lulluɓe da leda, ƙarafunan ƙasa kuma da hannu ma kana iya lanƙwasa su. Zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya fasa ledar, ruwan sama ya shiga, mutum ya isa ofis da jiƙaƙƙen wando. Akwai dillalin da ya taɓa nuna mini samfuri nagari, da kwalin ya iso sai na tarar da wani abu daban a ciki. Na mayar masa da kayansa, ban ƙara saye a hannunsa ba. Duk da haka wani zai tsaya ya ce, "Haba Malam, na ga irinsa a rabin wannan kuɗi." Sai in ɗauko na jabun da nake ajiyewa a farke in miƙa masa tare da nawa, in ce, "Alhaji, riƙe su duka biyun ka danna."

Sau da yawa ma sirdin ba shi da laifi, ɗaurin ne. Mutane suna son ƙafafunsu biyu su taɓa ƙasa suna zaune, sai su sauke sirdi ƙasa, nauyi ya taru a mazaunai, gwiwa ta kama ciwo. Ni dunduniya nake sa mutum ya ɗora a kan feda idan ta sauka ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, nan ne tsayinsa. Sirdin kuma ya kwanta daidai. Hanci ya ɗaga, ya danne ka. Ya yi ƙasa, ka yi ta zamewa gaba hannuwa su gaji. Sandar sirdi tana da layin da ba a ɗaga ta a wuce shi, kaurinta kuma iri-iri ne, akwai milimita 25.4, akwai 27.2. Masu cusa gwangwani don ƙaramar sanda ta kama suna jawo wa mutane tsagewar firam. Irin wannan gyara da sifana kawai nake yin sa, mutum ya tafi da tsohon sirdinsa.

Wanda ya sayi sirdi a wurina yana da mako guda ya hau ya gani, don jikin da ya daɗe bai hau keke ba sai ya yi tsami a kwanakin farko ko da wane sirdi ne. In bayan mako ciwon yana nan a wuri ɗaya, ya dawo da shi ba yagewa in canza masa. Ku zo da keken kansa, kada a aiko yaro da hoto a waya, ku kuma sa wandon da kuke hawa da shi, domin wani lokaci kaurin ɗinkin tsakiyar wando ne ke cizon mutum.