Yadda nake duba hannun yara masu lalurar motsi

Ina aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a cikin garin Kaduna. Yawancin yaran da ake kawo mini ƙwaƙwalwarsu ce ta taɓu tun wajen haihuwa, ko dai naƙuda ta yi tsawo jariri bai yi kuka da wuri ba, ko kuma shawara ta ci ƙarfinsa a makon farko. Daga Rigasa uwa ta fito ko daga Kawo, tambayar ɗaya ce: "Likita, yaushe zai taka?" Da wuya ka ji an tambayi hannu, alhali da shi yaron zai kai loma baki, ya yi tsarki, ya riƙe alƙalami.

Ba na fara dubawa a kan gado, don yaron da aka kwantar a gaban baƙo jikinsa ƙara sandarewa yake yi. Tabarma nake shimfiɗawa, in ce wa uwar, "Maman yaro, zaunar da shi a cinyarki, ki tallafe masa ƙugu." Idan zama bai daidaita ba, hannu ba ya sakewa. Sai in zube kayana: cokali, kofin roba, gwangwanin madara da na zuba wa tsakuwa na toshe, da robar ruwa mai murfi.

Robar nan ta fi komai yi mini amfani, domin ba ta buɗuwa da hannu ɗaya. In na miƙa ta, sai in yi shiru in zuba ido. Wani yaron zai riƙe da raunannen hannun, ya murɗa da mai lafiyar. Wani zai danne ta a ƙirji da damtse, yatsu a dunƙule, babban yatsa a naɗe cikin tafi. Wani kuwa haƙori zai sa, ɗaya hannun na gefe kamar ba nasa ba. Dukansu ukun takardarsu na iya cewa shanyewar ɓarin jiki, amma aikin da kowanne yake buƙata daban ne. Ina kuma lura da saki, domin yara da yawa suna iya damƙa amma buɗe hannun ke gagararsu.

Akwai MACS, ma'aunin yadda irin waɗannan yara ke amfani da hannu, da masana a Suwidin suka fitar a 2006 don 'yan shekara 4 zuwa 18, da Mini-MACS na 'yan shekara 1 zuwa 4. Mataki biyar ne, daga yaron da ke sarrafa kaya ba wahala har zuwa wanda komai sai an yi masa. Abin da ya sa nake son sa shi ne, abin da yaro ya saba yi a gida yake tambaya, wannan kuwa uwa da kaka ne suka sani. Shi ya sa nake cewa, "Hajiya, in an ba shi tuwo, ya yake yi?" Amsar takan fi abin da na gani da idona faɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar bahago. Jariri ɗan wata shida yana miƙa hagu kaɗai, sai a ce gado ya yi, ko a riƙa buge masa hannu don ya koma dama. Yaro mai lafiya ba ya zaɓen hannu kafin ya shekara, da duka biyun yake wasa, kuma wajen wata shida zuwa bakwai yana sauya abu daga wannan zuwa wancan. In ya nace wa ɗaya tun da wuri, ɗayan ne ke da matsala, a kawo shi. Haka jaririn da aka haifa hannunsa na lilo, a juye ciki, saboda jijiyoyin wuya sun jawu lokacin haihuwa. Da yawa suna warwarewa, amma in ya kai wata uku bai fara lanƙwasa gwiwar hannu ba, nakan tura shi wurin likitan tiyata ba tare da jira ba.

Kafin su tafi, da izinin uwar nake ɗaukar bidiyon wasan da wayarta, a ajiye. Bayan wata uku mu sake zama a tabarmar da kayan nan dai, mu gwada sabo da tsoho. A tsakani aikin gida ne: a riƙa miƙo masa abu ta ɓangaren raunannen hannun, a ba shi kofi mai mariƙi biyu, a bar shi ya ci da kansa ko da rabin abincin zai zube.