Shagon hoto a zamanin da kowa mai hoto ne

Ranar da na fara shiga wannan sana'a, aikina shara ne da ɗebo ruwa. Maigidana yana da Yashica ɗaya da Pentax K1000 ɗaya, kuma sai da na kusa shekara ina goge benci kafin ya bari na rataya ɗaya a wuya. Fim ɗin Kodak ko Fuji muke sakawa, mai cin hoto 36, kuma kowane ɗaya kuɗi ne. In ka danna mutum ya ƙifta ido, asara ta hau kanka, ba kuma za ka sani ba sai bayan kwana biyu an dawo daga wanki. Shi ya sa har yau in na ga yaro ya danne maɓalli yana ɓarin hoto ɗari a kan fuska ɗaya, sai in ji abin ya tsaya min a wuya, duk da na san babu abin da yake ƙarewa sai batir.

Da aka yaye ni na buɗe nawa shagon a cikin Kano, ciki da falo ne, falon na ɗauka, cikin na ajiya. Ranar Sallah layi har bakin titi. Akwai labule mai zanen gidan bene da jirgin sama yana wucewa ta kansa, ga fulawar roba, ga wani tarho da ba a taɓa jona shi da ko'ina ba, amma samari sai sun kara shi a kunne. Cinikin kwana ukun Sallah kan biya min hayar shekara. Sai waya mai kyamara ta shigo. A hankali layin ya riƙa gajarta, har aka zo wata Sallah da na tada janareto tun hantsi, muka zauna ni da yarona muna kallon juna. Da na ji a rediyo a 2012 cewa kamfanin Kodak kansa ya durƙushe, har ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashi, sai na ce to ni wane ne. Abin dariyar ma, injiniyansu ne ya fara ƙera kyamarar dijital tun 1975.

Fasfo ne ya riƙe ni, na 'yan makaranta da maniyyata da masu neman aiki, sai biki jefi-jefi. Abin da ban taɓa zato ba shi ne waɗanda na ɗauka su suka kashe min kasuwa, wato masu ɗaukar hoto don sha'awa, su ne za su dawo suna cika min benci. Akwai ɗaliban jami'a, akwai wata ma'aikaciyar jinya da ba ta ɗaukar komai sai tsuntsaye da furanni, akwai wani tsohon malamin firamare da ya ɗaura aniyar sai ya ɗauki duk ƙofofin ganuwar Kano da abin da ya rage na badala kafin masu gini su cinye ta. Suna zuwa wanki, suna zuwa a goge musu kyamara, wasu su karɓi hayar kaya na kwana ɗaya. Yawancinsu kuma da tambaya ɗaya suke fara sallama.

"Baba, wace kyamara zan saya?"

Nakan ce, "Me kake so ka ɗauka, ɗana?" Sai ka ga ya yi shiru. Wanda bai da amsar wannan, nakan ce ya miƙo wayarsa in ga abin da ke ciki. In duk hoton kansa ne a gaban madubi, kuɗinsa ya huta a aljihu tukuna. Wayoyin yanzu ba na wasa ba ne. Masu yin Tecno da Infinix sun daɗe da gane cewa kasuwarsu baƙar fata ce, suka gyara kyamarorinsu don fuskarmu ta fito, abin da manyan kamfanoni suka yi shekaru ba su damu da shi ba. Wata uku da waya a hannu sun isa mutum ya koyi abin da ya fi kyamara muhimmanci, wato haske. Ka tsayar da mutum da tsakar rana, inuwar hularsa ta rufe masa ido, ƙarƙashin hanci ya yi baƙi, ko kyamarar miliyan nawa ce ba ta gyara wannan. Ka kai shi inuwar zaure kusa da ƙofa, ko ka jira bayan la'asar, sai ka ga fuskar ta yi luf. Akwai kuma wata matsala da ta zama tamu: farar babbar riga mai sitaci a jikin baƙin mutum. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki, farin rigar ya ruɗe ta, ta rage haske, sai rigar ta fito tas, Alhaji kuwa ya koma inuwa. Maganinsa a waya, ka taɓa fuskar da yatsa ka ɗan ja hasken sama. Rigar za ta ɗan ƙone, amma ban taɓa ganin wanda ya dawo da hoto don aikin wuyan rigarsa bai fito ba.

Wanda ya wuce wannan mataki, ya san abin da yake so, shi nake ba shawarar sayen kyamara ta hannu. Tun da Canon da Nikon suka karkata ga sabon samfurin kyamarori marasa madubi a cikinsu a 2018, Turawa suka riƙa sakin tsofaffin nasu, suna gangarowa kasuwanninmu. Canon 600D ta 2011 ce, megafiksel 18, wato ɗigogi miliyan 18 ne ke haɗa hotonta. Nikon D3100 ta 2010 ce, megafiksel 14. Yara suna raina waɗannan lambobi don an rubuta 50 ko 108 a kwalin wayarsu, amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Farantin da ke karɓar haske a cikin waɗannan tsofaffi ya ninka na waya girma sau da yawa, shi ya sa da magariba ko a ɗakin amarya suke barin waya a baya. Hoton inci 4 da 6 da ake sakawa a albam, megafiksel 2 da ɗoriya ya ishe shi.

Sai dai sayen ta hannu yana son ido, balle yanzu da kuɗin komai ya tashi tun da aka saki naira a 2023. Kyamara tana ƙirga sau nawa ta ƙifta tun fitowarta daga kamfani, kuma irin waɗannan ƙananan an yi su ne su kai wajen 100,000. Kada ka biya sai an nuna maka wannan lamba. Ka ɗauki farin bango ko sararin sama ka buɗe a kwamfuta, duk ɗigon da ke ciki zai bayyana. Ka ɗaga gilashin gaba, wanda muke cewa lens, ka haska shi da tocila, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Ni kaina an taɓa cusa min wata mai kyan jiki kamar ba a taɓa ta ba, ashe ta gama yawon biki a wata ƙasa, ko wata biyu ba ta yi a hannuna ba ta ƙame.

In kuɗi ya rage, lens ɗin 50mm mai f/1.8 nake cewa a ƙara a kan lens ɗin 18-55mm da ke zuwa da kyamarar. Ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta yi tafiyar, amma yana shan haske sosai, yana narkar da bayan mutum, ya fito shi kaɗai. Masu son dawaki kuwa nasu daban ne. A Hawan Daushe, lokacin da mahaya suka sako sukuwa a Ƙofar Kudu don jafi, in saurin ƙiftawar kyamararka bai kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ba, ƙura da alkyabba kawai za ka kwaso. Kana kuma buƙatar mai zuƙowa daga nesa, don dogarai ba su san kai mai fasaha ba ne. Da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, yaran nan sun yi ta murna kamar su aka ba lambar.

Hunturu abokin mai hoto ne ta wani ɓangare, don hazo yana tausasa rana, ka hau Dala da safe ka ga gari kamar an lulluɓe shi da mayafi. Amma shi ne kuma yake kawo min aikin gyara. Kada a cire lens a waje, kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga, don ƙurar nan yashi ce, tana karce gilashi. Da damina kuma a jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin jaka.

Inda muka fi samun saɓani da yaran nan shi ne wajen raba hoto. Mutum ya sha rana ya ɗauko hoto mai kyau a marinar Ƙofar Mata, hannun marini shuɗi har gwiwa, ya tura wa abokinsa a WhatsApp, abokin ya tura a guruf, wani ya ɗauka daga sitatus, sannan a kawo min wannan na ƙarshen a ce in wanke shi babba a sa a firem. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, Facebook da Instagram ma haka. In kana so ya isa yadda yake, ka tura shi a matsayin fayil, ko aƙalla ka danna HD ɗin da suka ƙara a 2023. Ka kuma sa sunanka ƙarami a gefe. Za a yanke shi, na sani, wani shafi ya ɗora ya ce nasa ne, amma dai ka sa.

Maganar izini kuwa da kaina na koye ta, kuma da tsada. Na taɓa ɗora hoton wata amarya a shafin shagona don talla, don gaskiya aikin ya yi kyau, ban tambayi kowa ba. Washegari yayan angon ya zo. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bencin nan ya ce, "Malam, mun kira ka cikin gidanmu ne don mun yarda da kai. Matar ƙanina ce ka kai kasuwa?" Na goge a gabansa, amma an riga an kwafa, kuma gidan nan da danginsu ban ƙara yi musu aiki ba. Yanzu duk yaron da ya nuna min hoton mai tallar fura ko almajiri yana bara, ina tambayarsa ko ya yi sallama kafin ya ɗaga kyamara. A kasuwar Kurmi in ka gaisa da dattijo, ka tambayi sana'arsa, ka nuna masa abin da ka ɗauka, shi zai gyara zama ya ce ƙara ɗaya. In ka wanke ka kai masa, ka yi aboki.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ɓatan hotuna. Wata bai taɓa wucewa ba a ce wani bai zo ba, an ƙwace masa waya ko ta faɗa ruwa, hoton sunan 'yarsa da na mahaifinsa marigayi duk suna ciki. Google yana ba kowa 15GB kyauta ya ajiye, amma sai ka tarar yaron shagon waya ne ya buɗe masa imel ɗin, shi ko kalmar sirrin bai sani ba. Nakan ce su zaɓi goma kawai a shekara su wanke. Suna ɗauka ciniki nake nema, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Makon jiya wata Hajiya ta shigo da ambulan a cikin jakarta. Hoton Sallah ne, yara huɗu cikin anko a gaban labulen nan mai gidan bene, ƙaramin ya riƙe tarhon da hannu biyu. Na juya bayansa na ga hatimin shagona da tsohuwar lambar waya. Ta ce mai tarhon yanzu yana aiki a Abuja, shi ne ya matsa a sa masa a waya zai nuna wa 'ya'yansa. Na sa a sikana, na goge tabon manja da ke gefe, na tura mata a matsayin fayil. Ta tambayi ko labulen yana nan. Na ce yana ciki a naɗe, ɓera ya ci wajen jirgin. Ta ce in fito da shi, da Babbar Sallah za ta kawo jikoki.