Harsashin da na zaɓa, da abin da shari'ar Harold Fish ta koya mini

Aikin dare nake yi a wani shago a jihar Arizona ta Amurka, shi ya sa na sayi ƙaramar bindiga. Tun 2010 dokar jihar ta yarda baligi mai shekara 21 ya ɗauki bindiga a ɓoye ba tare da lasisi ba, amma duk da haka na shiga ajin horo. Tambayar da ta fi damuna ita ce: idan ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, irin harsashin da na sa zai iya jawo mini ɗauri?

A rubuce, doka ba ta tambayar irin harsashi. Abin da take bincike shi ne ko mai hankali a matsayinka zai ga rayuwarsa na cikin haɗari nan take. Sai dai masu yanke hukuncin talakawan gari ne da ake zaɓowa, kuma suna da zuciya.

Malaminmu ya kawo shari'ar Harold Fish, tsohon malamin makaranta. A 2004 yana yawo a daji kusa da garin Pine, karnuka suka yo kansa, mutumin da ke tare da su ma ya taso masa a guje, sai Fish ya harbi mutumin, ya mutu. Bindigarsa mai milimita 10 ce (faɗin harsashinta ke nan), harsashin kuma mai ramin baki, irin wanda ke buɗewa a cikin jiki. Mai gabatar da ƙara ya yi ta nanata wannan, wai makamin ya fi na 'yan sanda ƙarfi. A 2006 aka yanke masa shekara 10. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2009, amma kan kurakuran bayanin doka da aka yi wa masu hukunci da batun shaidun da aka hana, ba kan harsashi ba. Shekara uku na rayuwarsa sun riga sun tafi, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Na zaɓi milimita 9, na masana'anta, mai ramin baki, irin wanda yawancin 'yan sandan Amurka ke ɗauka. Dalilina zan iya faɗa wa alƙali ba tare da in-ina ba: ba kasafai yake ratsa jiki ya sami na baya ba, shagonmu kuwa ba ya rabuwa da masu saye. Na guji wanda ake ɗurawa a gida, domin masu binciken ƙurar albarushi suna shan wahalar gwada irinsa don gano tazarar harbi. Kwalin da rasit ɗin na adana su. In zan tsallaka wata jiha kuma sai na duba dokarta, don New Jersey ta taƙaita yawo da irin wannan harsashi.