Ƙananan kawunan jirgi masu harafin Y a layin dogon Faransa

A layin dogon Faransa, duk kan jirgin da lambarsa ta fara da Y ƙarami ne mai shan dizal, ƙafafunsa huɗu, aikinsa jera taragu da raba su a tasha, ko kai 'yan kaɗan zuwa masana'anta. Faransawa na kiransa locotracteur.

Samfurin Y 7100 ya fito daga 1958, mai injin kamfanin Poyaud na ƙarfin doki 175 da nauyin tan 32, ƙarfin injinsa na isa ƙafafu ta hanyar mai. Y 7400 ya biyo baya a 1963 da inji iri ɗaya, amma da akwatin giya na haƙora. Daga 1977 SNCF, kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, ya karɓi Y 8000, mai ƙarfin da ya kusa doki 300 da zaɓin gudu biyu: kilomita 30 a awa don jera taragu, 60 don hawa babban layi. Ƙaninsa Y 8400 ana iya sarrafa shi daga ƙasa da na'urar rediyo.

A ganina, wanda ya tsaya kan ƙarfin inji bai fahimci wannan aiki ba. Nauyi ne ke ja. Ƙafar ƙarfe a kan busasshen dogo tana riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kanta, wato kai mai tan 32 zai yi jan da ya kai tan 8, kuma wannan ya isa ya motsa ɗaruruwan tan a shimfiɗaɗɗen wuri. Da zarar ruwa, maiƙo ko ganyen kaka sun kwanta a dogo, riƙon zai iya faɗuwa ƙasa da rabi. Sai ƙafafu su yi ta juyawa a wuri ɗaya, suna cin kansu suna ƙona dogo. Ƙara wuta a nan ɓarna ce. Direba ya sassauta, ya saki yashi, sannan ya ɗaga a hankali. Yashin kuma dole ya zama busasshe, don mai danshi yana dunƙulewa ya toshe bututu daidai lokacin da ake bukatarsa.

Tsayawa ta fi tashi haɗari. In ba a haɗa bututun iska da taragu ba, birkin kan jirgin kaɗai zai tsayar da dukan kayan, nauyin baya ya tura shi, ƙafafu su kulle su goge, su yi shafaffen gefe mai bugawa a kowane juyi. Don haka in kaya sun yi nauyi ko layi na da gangare, a rataya ƙugiya, a ɗaure ta, a haɗa bututu, a buɗe famfunansa, a jira matsin iska ya kai bar 5 (bar ma'aunin matsi ne), a gwada birki kafin a motsa. Kuma kada mai haɗa taragu ya shiga tsakaninsu sai komai ya tsaya cak.