Kawu, lamba ta gaba ta iso?

Shagona a Garwa, arewacin Kamaru, ɗan ƙarami ne, idan mutum uku suka shigo sai na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa. Littattafan makaranta da biro da alli su ke ciyar da gidana, musamman a watan Satumba lokacin komawa makaranta. Amma kantar da ke hagu, wadda na jera littattafan zane a kanta, ita ke tara mini jama'a. Yara suna ce musu "bede", yadda ake taƙaita sunan da Faransanci, ni ma bakina ya saba.

Kayan ba sa zuwa da sauƙi. Wani abokin cinikina a Yawunde ke haɗa mini kwali, a sa shi a jirgin ƙasa na dare zuwa Ngawundare, inda layin dogo ya ƙare, daga nan mota ta kawo shi. Bara da damina an ɗaure mini kwali a saman mota ba tampol, ya iso kamar an jiƙa gari. Na shanya su a kan tabarma kwana biyu, na sayar da rabi a kan asara. Tun daga ranar sai an naɗe da leda kafin in biya.

Kwalin da na buɗe kwanan nan, manga ta fi yawa a ciki, wato na ƙasar Japan da aka fassara zuwa Faransanci. One Piece ne sarkinsu. Eiichiro Oda ya fara shi tun 1997, ya wuce littafi 100, kuma har yau bai kai ƙarshe ba. A ganina na baya-bayan nan sun cika cunkoso, shafi ɗaya mutum goma kowa na magana, sai na sa tabarau. Yaran ba ruwansu. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda ake buɗe manga daga dama zuwa hagu. Wani malamin boko ya taɓa dawo mini da ɗaya wai an buga shi a juye. Yaron da ya yi makarantar allo kuwa ko gezau, haka ya saba tun yana riƙe da allo.

Akwai kuma sabon Asterix, na 41, wanda ya fito a Oktoban 2025, inda jaruman labarin suka yi tafiya ƙasar da yanzu ake kira Fotugal. Zanen Didier Conrad tsaf yake, ba abin kushewa. Sai dai barkwancin na wasa da kalmomin Faransanci ne da shaguɓe ga rayuwar Turawa, yaranmu su karanta fuska a ɗaure. Uku kawai na saro, kuma manya ne suka saya, irin waɗanda suka tashi da mujallar Kouakou a firamare.

Wanda na fi so a kwalin shi ne Aya de Yopougon, na Marguerite Abouet 'yar Kodebuwa. Labarin ya tsaya a littafi na 6 a 2010, aka yi shiru shekara 12 kafin na 7 ya fito, na 8 ya biyo a 2023. Unguwa ce a Abijan, da gulma da kishi da uba mai ɓoye wata mata a wani gari. Duk wanda ya zauna a gidan yawa zai gane mutanensa a ciki. Wata hajiya maƙwabciyata da ba ta jin Faransanci sosai tana sa 'yarta ta fassara mata da dare, kashegari ta biyo tana ce mini, "Alhaji, wannan mutumin ai irin mijin ƙanwata ne sak." Ba na ba ƙananan yara shi, akwai giya da cikin shege a labarin. Su ina miƙa musu Akissi, na marubuciyar ne ita ma.

Maganar kuɗi ita ce ƙashin bayan abin. Yuro ɗaya sefa 656 ne, manga ɗaya kuma a Faransa wajen yuro 7 take, ka ga ta haura sefa 4,500 tun kafin ta hau jirgi. Yaro nawa ne a unguwarmu zai iya? Shi ya sa na koma haya, kamar yadda masu littattafan soyayya na Kano suke yi. Sefa 100 a kwana, ka bar katin makarantarka jingina. Littafi ɗaya sai ya zaga hannu hamsin, ina liƙe bango da salatif, ina kakkaɓe ƙurar hunturu, zafin Afrilu kuma yana narkar da gam ɗin har shafuka su zube.

Ciwon haya ɗaya ne: lamba ta ɓata. Naruto littafi 72 ne cif. Wani yaro ya tafi hutu Marwa da na 43, bai dawo ba, sai duk masu bin labarin suka cije a nan, na bayansa suka kwanta a kanta wata huɗu ba mai taɓawa.

Yanzu jiran One Piece na gaba ake. Kullum bayan la'asar sai wani ya leƙo, "Kawu, ta iso?" Sun riga sun gani a waya, sun san abin da zai faru, amma sai sun riƙe takardar. Asterix kuwa duk shekara biyu yake fitowa, ba na gaggawarsa.

Ni abin da nake jira daban ne. Akwai wani ɗan lise, wato babbar sakandare, da ke zana labarin wani mai kwale-kwale a kogin Binuwai, a cikin littafin rubutu, maganganun da Hausa da Fulatanci. Na yi masa hoton kwafi 20, na sa a haya a kan sefa 50. Ya ce kashi na biyu sai ya gama jarrabawa a watan Yuni, kuma tuni mutum tara sun rubuta suna a bayan littafin bashina.