Canza Tsinken Allura Kaɗai Bai Wadatar Ba

Lokacin da na fara koyon aikin jinya, na ɗauka cewa haɗarin allura duk a tsinkenta yake, wato muddin an sa sabo, an fita haƙƙin majinyaci. Wata safiya da jama'a suka yi yawa, na gama yi wa wani dattijo allura, na canza tsinke, na nufi kwalbar maganin da muke ɗiba a ciki da sirinjin da na riga na yi amfani da shi. Babbar nas ɗin da ke koya mini ta riƙe hannuna, ta ɗaga sirinjin wajen hasken taga, ta ce, "'Yata, me kika gani a bakinsa?" Na duba da kyau, ban ga komai ba.

Ta bayyana mini cewa a daidai lokacin da ake zare tsinke, ɗan ɗigon jinin da ido ba ya gani yakan koma cikin sirinji, kuma da na tsoma shi a kwalbar nan, da duk wanda aka ɗibar wa magani bayan dattijon ya shiga haɗari. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a wajen jikin mutum, mai ɗauke da ita kuma yakan shekara da shekaru yana harkokinsa lafiya lau bai sani ba. Daga baya na karanta ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a 2010 kaɗai, allurai marasa tsabta sun jawo wa mutanen da za su kai miliyan 1.7 wannan ciwo, ban da nau'in C da ƙanjamau. Shi ya sa a 2015 hukumar ta nemi ƙasashe su koma ga sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani guda.

Abin da ya fi damuna har yanzu shi ne yadda mutane ke roƙon allura a kan ciwon da ƙwaya za ta warkar, don sun yi imani allura ta fi ƙarfi. Nakan tsaya in yi musu bayani, ko da ransu bai so ba. Idan kuwa allurar ta zama dole, a gaban majinyaci nake yage ledar sabon sirinji, kuma ba na mayar wa tsinke murfinsa, domin a nan ma'aikata sukan soke yatsunsu. Kai tsaye nake jefa shi cikin akwatin zubar da allurai.